Baba Sidiki da Ƙafar Sanatu

Har zuwa ƙarshen watan jiya, duk wanda ya bi layin masu gyaran keke a unguwar Sakasaka ta garin Tamale da sassafe zai tarar Baba Sidiki ya riga kowa fitowa. Daga masallaci yake biyowa ta wajen mai koko, ya sha a tsaye, ya ƙunso ƙosai uku a ganye, ya zo ya ɗage asabarin rumfarsa. Ba ya taɓa guduma sai ya share ƙofar rumfar tas, saboda guntayen kwano da ke zuba, ga shi yawancin masu wucewa ba takalmi a ƙafarsu. Sannan ya zauna a kan tsohon turmin da ya kife ya mayar kujera, ya jera kayansa a kan buhu: almakashin yankan kwano, guduma babba da ƙarama, awartaki, da ƙusoshin huda. Ya yi bismilla. Daga nan har azahar ba abin da ake ji daga rumfar sai ƙarar bugu, da tarin da yakan yi in hayaƙin dalma ya shige masa maƙogwaro.

Maƙerin gwangwani ne. Mahaifinsa ya biyo ayarin goro ta Salaga ya yada zango a Tamale, shi kuwa nan aka haife shi, nan ya tsufa. Shekara arba'in da ɗoriya yana mayar da gwangwanin madara fitila, na kananzir kuma mazurari da butar alwala. Gaskiya ba mutum ne mai yawan fara'a ba. In ka gaishe shi zai amsa bai ɗago kai ba, in ka tsaya zuba masa surutu sai ya miƙo maka ƙarfe ya ce ka riƙe masa, tunda dai ba ka da aikin yi. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye guduma, kuma ba wanda ya kaɗa masa ganga ko ya tara masa jama'a. Shi ya sa na ga gara a rubuta wani abu a kansa tun yana da kunnen jin a karanta masa.

Shekarar da aka sami 'yancin kai babura suka cika gari. Da can ɗai-ɗai ake ganinsu, amma da 'yan ƙasa suka fara hawa kujerun ofis, sai malamin gona da malamin dabbobi da mai duba makarantu kowa ya sami nasa na shiga ƙauye. Murna ta hana kowa lura da salansa, wato bututun nan da hayaƙin inji ke bi, wanda in an yi tafiyar mil biyu yakan yi zafin da zai soya ƙwai. Wandunanmu masu faɗi ne, batakari, rigar saƙin nan tamu, yana lilo, mata kuma a karkace suke zama a baya, ƙafa biyu a gefe guda. Kafin a cinye wata shida, da wuya ka shiga gidan ma'aikaci ba ka sami mai tabon ƙuna a ƙwauri ba. 'Yan gari, da ba sa rasa abin tsokana, suka sa wa tabon suna hatimin gwamnati.

A nan Baba Sidiki ya fara ƙera abin da yake kira garkuwa: fallen ƙarfe da ake lanƙwasawa a ɗaura bisa salansa, ya shiga tsakanin zafi da ƙafar mutum. Ba shi kaɗai ke yi ba, maƙera da yawa sun shiga sana'ar. Inda ya bambanta da su shi ne wajen zaɓe. Sauran sukan rataye nasu a jere, ka nuna wadda ta yi maka kyau a ɗaura maka. Shi kuwa sai ya bar babur a tsaye ya tsura wa mai babur ido daga gwiwa zuwa ƙasa.

Masta Kwasi, mai duba makarantu, mutumin kudu, har yau yana ba da labarin zuwansa na farko.

"Baba, ni ina son mai kauri paa, sosai," in ji shi. "Wannan naka duk huji ne, kaman rariya."

"Wa kake ɗauka a baya?"

"Matana, Rosina. Ranan Lahadi kawai."

"Doguwa ce ko gajeriya?"

Masta Kwasi ya ɗan ɓata rai, ya ce shi garkuwa ya zo saya, ba auren matarsa ya zo ɗaurawa ba. Baba ya ce to ya je ya zo da ita, ko ya je gaba akwai masu sayarwa. Washegari sai ga shi da Rosina. Da ta hau, dunduniyarta ta sauka can wajen da garkuwar kasuwa ba ta kaiwa.

"Ka gani?" in ji Baba. "Kuma kaurin da kake so, Masta, ƙarfe ba ya korar zafi, sha yake yi ya riƙe. Iskar da ke tsakani ita ke yin aikin. Hujin nan ƙofarta ce."

Abu uku yake zaɓa a ciki. Gwangwanin kananzir ba nauyi, yana saurin hucewa, amma tsakuwa ɗaya ta isa ta lotsa shi ya manne da salansa, don haka sai ma'aikacin cikin gari yake yi wa da shi. Ƙarfen duro yana jure hanyar ƙauye, sai dai in ya ɗau zafi ba ya sakinsa da wuri. Alminiyam ya fi su duka, in an samu, domin a lokacin sai an yi sa'ar tsohon faranti ko fasasshiyar tukunya. Ko da wanne ya yi, sai ya bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da salansa, da yatsunsa yake aunawa. In ya gama ɗaurawa, gwajinsa ɗaya ne, bai taɓa sauyawa ba: "Hau ka zaga kasuwa ka dawo. In ƙafarka ta ji zafi, ka gaya mini inda ta ji."

Wata Litinin cikin bazara, tutocin bikin zagayowar ranar 'yanci ba su gama koɗewa a bakin titi ba, Wumpini malamin dabbobi ya turo babur ɗinsa rumfar. Mutumin Gbalahi ne, wani ƙauye a bayan gari, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai yawan raha, amma ran nan ya tsaya daga gefe sai da kowa ya watse. Salansarsa tana sanye da kube na fata, ja da rawaya da kore, irin wanda dukawa suka yi ta ɗinka wa masu babura don bikin. Rabin gari sun saya, kowa yana ganin ai fata ba ta ƙona mutum. Ta wajen dama fatar ta yi baƙi ƙirin, ta ƙanƙance.

Baba ya sa wuƙa ya farke kuben ya jefar. "Riga kuka ɗinka wa wuta," ya ce. "Wa ta ci?"

Wumpini ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya. Yayarsa ce, Sanatu, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, mai yin man kaɗe a Gbalahi. Ta yi fama da kuturta, ta shekara uku tana shan ƙwayoyi, har likita ya ce cutar ta mutu a jikinta, ba ta kama kowa. Amma jin da ta ɗauke daga gwiwa zuwa ƙasa bai dawo ba. Kwana goma da suka wuce ya ɗauko ta zuwa asibiti, ta jingina idon sawunta da kuben nan tun daga ƙofar gida.

"Ni ne na ji wari, Baba," in ji shi. "Na ce wa ke gasa nama a cikin daji haka. Na waiga, tana yi mini hiran kasuwa, tana dariya. Ba ta sani ba kuraa, ko kaɗan."

Likita ya ce a riƙa kawo ta wankin ciwo sau biyu a mako. In ciwon ya kai ƙashi, ko ta sake ƙonewa a wurin, to sai yankewa daga ƙasan gwiwa. An hana ta takawa. Direbobin lori sun ƙi ɗaukarta. Shi kuma tsoro ya hana shi sake aza ta a babur, har wanki biyu ya wuce ta. Jiya malamin asibiti ya aiko cewa in ba a kawo ta ranar Alhamis ba, kada a zo ana yi musu kuka daga baya.

"Me ya hana ka juya ta ɗaya gefen?"

"Moto nan salansa biyu gare shi, Baba. Dama da hagu."

Baba ya leƙa, haka ne. Ya miƙe ya fara laluben ƙarfe, yana cewa wannan ai ba wuya, yanzu zai buga masa mai kyau, ya ɗauko ta su zaga kasuwa, in ta ji zafi ta faɗi inda... Bai ƙarasa ba. Ya tsaya riƙe da fallen duro, ya daɗe yana kallonsa. Duk garkuwar da ya taɓa yi, fatar mai hawa ce ta gaya masa ko ta yi ko ba ta yi ba. Wannan karon babu mai gaya masa, kuma kuskure ɗaya ya isa a raba mace da ƙafarta. Hankalinsa ya tashi, shi da kansa ya faɗa daga baya, tashin da bai taɓa yi a kan wani aiki ba.

Ya sauke asabari tun la'asar ba ta yi ba, ya ce Wumpini ya kai shi Gbalahi.

Sun tarar da Sanatu a inuwar ɗakinta tana tsince ƙwaryar kaɗe, ta lulluɓe ƙafar da zani. Matan gidan suna can nesa da ita, maza kuma suka taru a bakin zaure don ganin baƙo. Bayan an gaisa, Baba ya matsa ya tsuguna a gabanta, ya ce ta miƙo ƙafar. Ta ƙara jan zanin.

"M'ba, kada ka taɓa," ta ce da Hausarta ta kasuwa, M'ba kuwa baba ke nan da yarensu Dagbanci. "Mutane za su gudu kayanka."

"Likita me ya ce?"

"Ya ce ciwo ya mutu."

"To ni ba ni da faɗa da mataccen ciwo. Miƙo."

Ya karɓi ƙafar da hannu biyu, da bandejinta da warinta, ya aza a kan gwiwarsa. Ya zaro zare daga aljihu ya auna daga dunduniya zuwa idon sawu, daga idon sawu zuwa gwiwa, yana ƙulli a kowane wuri. Ya sa aka ɗora ta a kan babur ba a tayar ba, ya ce Wumpini ya riƙa girgiza shi kamar ana kan hanya. Nan ya ga abin da ba wanda ya lura da shi: tafin ƙafarta ba ya tsayawa, da an girgiza sai ya zame ya langaɓe ciki, ya kwanta a kan salansa. Sanatu ta juyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Ta gaya wa ƙanenta daga baya cewa shekara huɗu ke nan, ban da ma'aikatan asibiti, ba hannun da ya taɓa ta.

Kai ne, Baba, ka yi wannan a gaban mutum fiye da ashirin, kuma da ka tashi ba ka nemi ruwan wanke hannu ba sai da lokacin salla ya yi. Waɗanda suka tsaya a bakin zauren nan suna nan da ransu, sun ga komai.

Ranar Talata da hantsi ya gama garkuwa ta farko. Da ƙarfen duro ya yi, saboda hanyar Gbalahi ba ta wasa da gwangwani, ya tsawaita ta har bayan dunduniya, ya huda ta, ya bar tazarar yatsa uku maimakon biyu. Bayan azahar, rana na tsakiyar dukan ƙasa, ya ce Wumpini ya tayar da inji. Ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya hau baya ya zauna a karkace, ƙafa biyu a gefe guda, yadda mata ke zama. Sannan ya ciro tsumma ya miƙa wa Wumpini, ya ce ya ɗaure masa idon sawu a jikin garkuwar, daidai inda ƙullin zaren ya nuna.

"Haba Baba! Ka riƙe shi da kanka mana, ɗauri na mene?"

"Ƙafata tana da wayo. In ta ji ɗumi za ta janye ban sani ba. Tata ba ta janyewa. Ɗaura, kuma ka ja da kyau."

Haka suka ratsa Sakasaka. Ku yi tunanin dattijo mai furfura a gemu, da hula da carbi, zaune zaman mata a bayan babur da ƙwauri a waje. Masu gyaran keke suka ajiye sifana suka fito titi. Matan bakin kasuwa suka ɗau guɗa, wata ta ɗaga murya ta ce, "Ina za a kai amarya da rana tsaka?" Wumpini kunya ta kusa sa shi faɗawa kwata. Baba kuwa ko a jikinsa, ya rufe ido, duk hankalinsa yana kan wannan ɗan wurin da fatarsa ta haɗu da ƙarfe.

Muddin suna kan hanya mai kyau, babur na gudu, iska na shiga, ba abin da ya ji sai ɗumi. Amma akwai wani wuri kafin a shiga Gbalahi inda yashi ya cinye hanya, dole babur ya riƙa rarrafe, inji na gurnani, iska kuma ta tsaya cik. Nan zafi ya taso. Bai taso ta faɗin ƙarfen ba, ta kan notin da ya riƙe garkuwar ya biyo, ya taru wuri guda kamar an ɗora masa garwashi. Baba ya cije. Yana son ya san ko abin zai lafa in an fita daga yashin, domin in bai sani ba, gwajin ya tashi a banza. Bai lafa ba. Sai da suka kai itatuwan kaɗanyar bakin gari ya dafa kafaɗar Wumpini. Da aka kwance tsumman, fatar ta tashi, bororo ya fito da siffar kan noti, kusurwa shida cif.

Wumpini ya dafe kai yana salati. Baba ya duƙa yana duban ƙunar kamar ta wani ce.

"Madalla," ya ce. "Da ita ce, da yanzu kana neman mai sassaƙa sanda."

Da magariba matarsa Hawawu ta shafa masa zuma a wurin, bakinta bai huta ba. Labarin amarya ya riga shi isa gida.

"Da girmanka da jikokinka, Malam? Gobe da wane ido zan shiga kasuwa? Mutum ya rasa abin gwaji sai naman jikinsa?"

"Kawo wani in kina da shi."

Ta ci gaba da shafawa. Can ta tambaye shi ko matar tana da 'ya'ya. Ya ce uku, ƙaramar ba ta isa ɗaukar tulu ba. Hawawu ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da babban farantin alminiyam na kayan aurenta, wanda ko baƙi ba kowanne ake fito wa da shi ba, ta dangwarar a gabansa. Ta ce in zai ƙone ɗaya ƙafar ma, to ya ƙone ta a kan abin kirki.

Ranar Laraba bai amsa gaisuwar kowa ba. Ya yanka farantin ya yi rufi na ciki, ya bar iska. Ya sa ƙarfen duro a kai, ya sake barin iska. Notunan ya kawar da su can gaba da can baya, nesa da inda ƙafa ke sauka. Wurin da fata za ta taɓa kuwa ya ce ƙarfe ba zai sake zama a nan ba ko wane iri ne. Ya je wajen kafinta ya samo siraran katakon maɗaci, ya goge su sumul, ya jera su da 'yar tazara. A ƙasa ya kafa matakin katako mai baki a gefe da baya, yadda tafin ƙafa zai zauna ciki ba zamewa. Abin da ya fito bai yi kyan gani ba ko kaɗan. Wani makanike ya leƙo ya ce wannan garkuwa ce ko akurkin kaji.

Bayan azahar ya sake hawa, ya miƙa lafiyayyar ƙafar aka ɗaure. Wannan karon dariyar ta ragu, don labarin dalili ya fara zagawa, wasu ma sun sunkuyar da kai da babur ya wuce. Da suka kai yashin ya ce Wumpini ya tsaya ya bar inji yana aiki, kamar an tarar da garken shanu yana tsallaka hanya, domin wata rana za a tarar. Suka tsaya a rana har zufa ta jiƙa musu riguna. Daga nan suka shiga Gbalahi, ba su sauka ba suka juyo, tunda ita ma zuwa da dawowa za ta yi. Da aka kwance shi a ƙofar rumfa ya shafa wurin, ya danna, ya sa Wumpini ya taɓa katakon da bayan hannu. Ɗuminsa bai wuce na tabarmar da aka shanya a rana ba.

"Gobe ka ɗauko ta," ya ce. "Ka duba ƙafar a yashi, ka duba a bakin gari. Kada ka yarda da aikina har ka daina dubawa."

Ranar Alhamis bai bi su ba, ya ce yana da butocin mutane. Amma maƙwabtansa sun ce tun safe buta ɗaya yake juyawa a hannu, idonsa na kan titi. Wajen azahar babur ya tsaya a ƙofar rumfa, Sanatu na baya da sabon bandeji fari fat. Wumpini ya ce an wanke, ciwon ya ci nama amma bai kai ƙashi ba, likita ya ce da an ƙara kwana uku da labari ya sha bamban. Baba ya taso. Ya zagaya ya tsuguna, ya taɓa katakon, ya taɓa dunduniyarta, ya koma kan turminsa ya ɗau guduma. Wata huɗu ana wannan zirga-zirga, sau biyu a mako, har ciwon ya rufe, ba ta sake ƙonewa ko sau ɗaya ba.

Akwai abin da ba na jin daɗin rubutawa, amma in na tsallake shi na yi ƙarya. Abin da Sanatu ta ji masa tsoro ya faru. Mai koko ta ware masa ƙwaryarsa daban, ta kusa wata biyu tana zuba masa daga nesa. Wasu suka kwashe butocinsu suka kai wani wuri. A masallaci akwai wanda ya riƙa barin tazara tsakanin kafaɗarsa da ta Baba a sahu. Mu ne muka yi wannan, mutanen unguwa, ba baƙi ba, kuma har yau in na tuna kunya nake ji. Shi kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba. Kai ne, Baba, ka riƙa karɓar ƙwaryar nan da hannu biyu kana cewa an gode, har waɗanda suka ware ta suka gaji suka mayar da ita cikin sauran.

Daga baya malaman asibiti suka riƙa turo masa masu irin lalurar Sanatu, da tsofaffin da ƙafafunsu suka mutu, kowanne ya auna shi da zarensa. Sau nawa ya sake ɗaure ƙafarsa, Hawawu ce kaɗai ta san adadi, ta kuma ce ba za ta faɗa ba don kada a ce mijinta ba shi da hankali. Yau in ka duba baburan da ke shiga ƙauyukan Tamale za ka ga da yawa da 'yan katakai a jere bisa salansa. Maƙera sun kwaikwaya, kuma ya ji daɗin hakan, ko da yake yawancinsu ba su san daga inda abin ya fito ba.

Ranar da ya miƙa rumfar ga surukinsa Tahidu, ba taro aka yi ba. Mutum biyar ne ko shida, aka yi addu'a, aka raba goro. Ana shirin tashi sai ga wata mata da ƙwarya a ka, ta sauke ta tsuguna a gabansa ta gaishe shi da Dagbanci. Idonsa ba ya rabe fuska yanzu, sai ya karkata kunne.

"Wace ce?"

"Sanatu ce, M'ba. Na Gbalahi. Na kawo maka man kaɗe."

"Ban ji ƙarar babur ba. Ina Wumpini?"

"An mai da shi aiki Yendi tun bara."

"To wa ya kawo ki?"

"Na tako."

Baba ya miƙa hannu yana lalube. Ta gane abin da yake nema, ta miƙe tsaye ta matso. Ya dafa ƙafar dama, ya dafa ta hagu, ya bi su da tafin hannu har ƙasa inda suka shiga takalmin taya, duk sun yi buɗu-buɗu da jar ƙasar hanya. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya yi dariya har da tari, hawaye na bin gemunsa.

Ku maƙera da makanikai da kafintoci, da duk wanda wani ke miƙa wa jikinsa ya dogara da aikin hannunsa, ga abin koyi a unguwarku, ba sai kun je nesa ba. Yana nan gidansa bayan masallacin layin masu keke, yana zama a zaure daga hantsi zuwa azahar. Ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi, zai yi muku faɗa amma zai gaya muku.

Kai kuma Baba Sidiki, maƙerin Sakasaka, Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka tsufa, ya sa aikin nan ya tsaya maka ranar da kowa ke neman abin tsaya masa. Sanatu ba ta ji zafin da ka ji dominta ba, ba kuma za ta taɓa sanin yadda yake ba. Mu da fatarmu ke ji, mun sani. Mun gode.